Wata Uku a Rumfar Jadi

Sha bakwai bisa ashirin suka ba ni.
Na'urar matsar man gyaɗa ce, a kan takarda:
ba ta tsatsa, ba ta ƙara,
ba ta taɓa haɗuwa da gyaɗa ba.

Da ita a hammata na nufi Bagalam,
da wasiƙar jami'a mai hatimi biyu
tana roƙa mini wata uku na koyon aiki.
Jadi mai walda bai karanta ba.
Ya goge hannu a wando, ya juya zanen,
ya ɗora yatsa kan wani noti:
"Wannan, wa ke sai da shi a Maradi?"
Na ce ana samu.
Ya ce, "Ina?"
Na dubi takalmina.

Sati biyu ina shara, ina miƙa guduma.
Idona ya sha wutar walda,
na kwana da yankan dankali bisa fatar ido,
uwata tana faɗin: shekara uku a jami'a
don ki koma maƙera?

A juji muka yi sayayya.
Jak ɗin wata mota da ta mutu a hanyar Ɗan Isa,
guntun bututu, bakin tukunyar gas.
Zanena ya rame, ya zubar da ado,
ya miƙe da ƙafa uku yana ɗingishi.
Na so shi duk da haka.

Kura ta kai mana shi Mokoyo,
gidan Inna Tsahara,
wadda ta fara ƙuli tun ban zo duniya ba.
Ta zagaya shi kamar akuyar da za a saya.
"Ɗiyata, kin taɓa ganin mai ƙuli
tana aiki a tsaye?
In tunkuza ta maƙale nan ciki,
hannun wa zai shiga ya wanke?"
Da na dawo ran Laraba
faifai ne a kansa, ana shanyar tattasai.

Ban yi kuka ba sai a bayan zaure.
Daga nan na aro kujera ƴar tsugunne,
kwana shida ban zana komai ba.
Na ga inda gwiwarta ke tokare kwano,
na ga kafaɗar hagu ce ke mata ciwo,
na ga ruwan zafi ba ta auna shi,
markaɗen ne ke gaya mata ya isa.
Babu malamin da ya sa wannan a jarrabawa.

Ƴan ajinmu kowa da inda ya faɗa.
Laure ta samu tallafin karatu, tana Dakar,
tana aiko mini hoton teku.
Sallau na rubuta allunan shaguna,
da yamma ya hau kabu-kabu.
Harisu na jiran gwamnati ta kira,
ya goge riga ɗaya har ta gaji.

Muka yanke ƙafafun, taƙi biyu.
Muka mai da mariƙin dama.
Murfin yanzu fil guda ke riƙe shi,
yaro ma ya cire.
Inna ta zauna, ta murɗa, ba ta ce komai ba.
Man ya ɗiga, ya ɗiga, sannan ya zubo.
Ta kira maƙwabciya ta kan katanga.

Mata huɗu suka ce a yi musu,
biya sai an kwashi adashi.
Jadi ya ce in na zauna, kashi ɗaya cikin uku nawa.

Ga kuma takardar neman ƙarin karatu,
Alhamis ake rufewa.
Wajen gogewar aiki layi uku suka bari.
Biro na hannuna tun la'asar,
ƙasan takardar ya riga ya sha mai,
a rumfa kuma Jadi na ƙwala kira:
wuta ta dawo.